Michael Faraday, Ɗan Maƙeri Mai Zoben Ƙarfe

Duk wanda ya ga taransifoma a bakin hanya a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, to, ya ga jikar wani zoben ƙarfe da aka naɗa wa waya a Landan a 1831. Yau za mu ba da tarihin mai zoben.

An haifi Michael Faraday a Ingila ran 22 ga Satumba, 1791. Ubansa maƙeri ne matalauci, saboda haka bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya shekara 7 yana ɗinki yana karanta abin da ya ɗinka. A 1813 masani Humphry Davy ya ɗauke shi yaron aiki a Royal Institution.

Ran 29 ga Agusta, 1831, ya ɗauki zobe mai faɗin inci 6, ya naɗa masa waya biyu, ɗaya kowane gefe, ba su taɓa juna. Da ya haɗa ta fari da batir, sai allurar awo da ke gefen ta biyu ta zabura, sa'an nan ta kwanta. Da ya cire, ta sāke zabura. Wani da sai ya ce ba kome ba ne. Shi kuwa ya gane canjin maganaɗisu cikin ƙarfen shi ke haifar da lantarki.

A kan wannan aka gina taransifoma mai raba wuta, watau wadda ke miƙa ƙarfin lantarki ba tare da wayoyin sun haɗu ba, domin kare mai gyaran rediyo da majiyyaci a ɗakin tiyata. Lokacin kunnawa kuma har yanzu yana bukatar kula: ƙarfen kan cika da maganaɗisu, wuta ta kwararo kamar ninki 10 na ɗan lokaci, fis ya ƙone. Maganinsa a ƙara kaurin ƙarfen, ko a sa fis mai jinkiri, ko abin da zai rage wutar har ta daidaita.

Sau biyu aka nemi Faraday ya shugabanci Royal Society, ya ƙi. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867. Malamai, muna roƙonku kada ku raina ɗan talaka mai yawan tambaya a aji.