Pio del Rio Hortega: Likitan da ya gano masu gadin ƙwaƙwalwa, ya rasu yana gudun hijira

Idan ana maganar ƙwaƙwalwa, hankali ya fi karkata ga ƙwayoyin jijiya masu kai saƙo. Amma a gefensu akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira giliya, waɗanda ke ciyar da su, suna kare su, suna share musu datti. Masanin nan na Jamus, Rudolf Virchow, ne ya raɗa musu wannan suna a 1856, daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo, domin a lokacin an ɗauka aikinsu kawai shi ne riƙe jijiyoyi wuri guda.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya wannan fahimta shi ne Pio del Rio Hortega. An haife shi ranar 5 ga Mayun 1882 a garin Portillo na ƙasar Sifaniya, ya kuma karanci aikin likita a Jami'ar Valladolid. A 1912 ya koma Madrid, inda ya shiga binciken ƙwaƙwalwa ƙarƙashin Nicolas Achucarro, a ɗakin binciken da suke tarayya da Santiago Ramon y Cajal, wanda ya ci kyautar Nobel a 1906.

A wancan lokaci an riga an san nau'in giliya mai siffar tauraro, wato astrosait, wanda a yau aka san yana kai wa jijiyoyi abinci tare da taimakawa wajen tace abin da ke shiga ƙwaƙwalwa daga jini. Sai dai akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da rinin da ake da shi ya kasa fito da su sosai a madubin bincike. Cajal ya kira su rukuni na uku, ya kuma ɗauka ba su da rassa.

Hortega ya haɗa sabon rini da sinadarin azurfa, sai ga rassan sun bayyana. Ya gano cewa rukunin ya ƙunshi nau'i biyu mabambanta. A 1919 ya bayyana maikrogiliya, waɗanda ke garzayawa wurin da aka samu rauni ko cuta su cinye matattun ƙwayoyi. A 1921 kuma ya bayyana oligodendrosait, inda ya yi hasashen su ne ke samar da rigar kitsen da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Sai bayan rasuwarsa aka tabbatar da hakan. Lalacewar wannan riga ce ke haddasa cutar multiple sclerosis.

Binciken ya ci karo da ra'ayin Cajal, ga kuma tsegumin abokan aiki. A 1920 Cajal ya sallame shi daga ɗakin binciken. Hortega ya kafa nasa a Madrid, inda masana daga ƙetare, ciki har da Wilder Penfield, suka riƙa zuwa koyon dabararsa. Daga baya ya shugabanci cibiyar binciken kansa ta ƙasar, ya duƙufa kan rarrabe nau'o'in ƙarin ƙwaƙwalwa.

Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1936 ne ya raba shi da gida, kasancewar yana goyon bayan gwamnatin jamhuriya. Ya zauna a Paris, sannan Oxford, kafin ya isa Buenos Aires ta Ajantina a 1940. Gwamnatin Janar Franco ta ƙwace muƙamansa. An gabatar da sunansa don kyautar Nobel fiye da sau ɗaya, amma bai samu ba.

Ya rasu ranar 1 ga Yunin 1945 sakamakon cutar kansa, yana da shekara 63. Sai a 1986 aka mayar da gawarsa Valladolid. A yau masu binciken cutar mantuwa ta Alzheimer na zuba ido kan maikrogiliya, ƙwayoyin da binciken su ya janyo masa kora.