Grace Hopper, Uwar Tafintocin Kwamfuta

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata wahala da na sha a zangon da ya wuce. Na rubuta wani ɗan shirin lissafi a kwamfutar makaranta, ya yi aiki sumul. Da na kai shi kwamfutar yayana sai ya ƙi motsi. Malaminmu ya ce wannan ciwo ya girme mu duka, in je in karanta tarihin Grace Hopper. Ga abin da na samo.

An haife ta a birnin Niyok na Amurka ran 9 ga Disamba 1906. An ce tana 'yar shekara bakwai ta kwance agogo bakwai na gidansu don ta ga abin da ke ciki. Ta sami digirin dakta a fannin lissafi a Jami'ar Yale a 1934. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga sojan ruwa, aka tura ta Jami'ar Harvard aikin wata ƙatuwar na'ura mai suna Mark I. A 1947 abokan aikinta suka tarar da wani ƙwaro, irin mai zuwa wurin fitila da dare, ya maƙale cikin Mark II. Suka manna shi a littafin aiki. Ita ta yi ta ba da labarin har ya bazu.

A zamanin nan kwamfuta ba ta jin kome sai lambobi, kuma kowace iri da nata. Shirin da aka yi wa wannan, waccan ba ta gane shi, sai a sake daga farko. A 1952, tana aikin na'urar UNIVAC, ta haɗa wani shiri mai suna A-0, ɗaya daga tafintocin farko. Aikin tafinta shi ne ya karɓi umarnin mutum ya mayar da shi lambobin na'ura. Daga baya ita da mutanenta suka fito da FLOW-MATIC mai amfani da kalmomin Turanci. A kansa aka dogara ƙwarai wajen tsara harshen COBOL a 1959, ita kuwa tana cikin masu ba kwamitin shawara. A Disamba 1960 aka gwada shirin COBOL guda a kan UNIVAC II da RCA 501, na'urorin kamfanoni biyu, ya yi aiki da ɗan gyara kaɗan.

To, amma tsugune ba ta ƙare ba. Kowace na'ura sai an yi mata nata tafintan, kuma wajen yin haka kowane kamfani yakan ƙara wani abu ko ya rage. Sai ga harshe ɗaya, fassara barkatai. Saboda haka a 1967 sojan ruwa suka sake kiranta, bayan ta yi ritaya, wai aikin wata shida. Ita da ma'aikatanta suka tsara jarrabawar da ake yi wa kowane tafintan COBOL, a ga inda ya kauce, a gyara. Ba ta bar aikin sojan ruwa kwata-kwata ba sai 1986, tana da shekara 79, da muƙamin rear admiral. Ta rasu ran 1 ga Janairu 1992.

Ni kuwa na koma kan shirina ina bin sa layi-layi. Ashe wani umarni na sa wanda tafintan makaranta kaɗai ke ganewa. Kwana uku na yi kafin in gano shi. A da na yi niyyar barin darasin nan, yanzu kam na fasa. Roƙona ga iyayenmu, in kun ga 'yarku ta kwance agogo, ku tambaye ta abin da ta gani a ciki kafin ku yi mata faɗa.