Derrick Jelliffe: Likitan Yara da Ciwon Toshewar Jijiyoyin Hanta

In kun taɓa kai yaro asibiti a Sakkwato aka zagaya damtsensa da ɗan tef don auna tamowa, to kun ga aikin Dakta Derrick Jelliffe, domin yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan awon a duniya. Amma akwai wani aikinsa da ya fi shafar iyalan da ke shirin kai yaro dashen ɓargo, musamman masu sikila.

Baturen Ingila ne, an haife shi a 1921. Ya yi aikin likita a Ibadan kafin ya wuce tsibirin Jamaika. A can ya tarar ana kawo yara da kumburarren ciki cike da ruwa, hanta ta girma tana ciwo. Shi da Gerrit Bras da Kenneth Stuart suka duba hantar, suka ga ƙananan jijiyoyin da ke fitar da jini daga cikinta sun toshe. A 1954 suka wallafa bayanin, da sunan da likitoci ke amfani da shi har yau. An gano cewa jiƙon wasu ganyaye da iyaye ke ba yara a matsayin magani ne ke jawo shi. Ɗaya daga cikinsu, Crotalaria, yana fitowa a ƙasarmu ma.

Shekaru bayan haka sai ciwon ya ɓullo a ɗakunan dashen ɓargo. Magunguna masu ƙarfi da ake ba yaro kafin dashe, irin su busulfan, kan raunata bangon waɗannan jijiyoyin. Jini sai ya riƙa daskarewa a wurin, sinadaran da ke hana daskarewar su ragu, ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini, wato filatilet, su riƙa ƙarewa ko an yi ƙari. Shi ya sa yaro ke iya fuskantar toshewa da zubar jini a lokaci guda.

Yawanci yakan bayyana cikin makonni 3 na farko, ko da yake yakan makara. Ku lura da ƙarin nauyi ba zato, kumburin ciki, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da shawara. Kada ku jira ido ya yi rawaya, yara da dama ba sa yin shawarar. Yaron da aka sha yi wa ƙarin jini har ƙarfe ya taru a hantarsa ya fi shiga haɗari, don haka ku gaya wa likita yawan ƙarin jinin da aka yi masa da duk wani jiƙo da yake sha. Akwai magani, defibrotide, kuma ya fi aiki in an fara da wuri.

Jelliffe kam ya ci gaba zuwa Indiya da Jami'ar Makerere ta Yuganda, shi da matarsa Patrice suna kare shayar da nonon uwa daga tallan madarar gwangwani. Ya rasu a Amurka a 1992.