Thomas Midgley, Wanda Ya Haɗa Iskar Sanyaya Mota

An haifi Thomas Midgley a ƙasar Amurka cikin 1889. Ya gama karatun injiniya a Jami'ar Cornell a 1911, daga baya ya yi wa kamfanin General Motors aiki.

A zamanin nan iskar da a kan ɗura wa injin sanyi mai dafi ce, in ta tsiyaye ta kan halaka mutanen gida. Midgley da abokan aikinsa suka haɗa wata, aka sa mata suna Freon. A 1930 ya zuƙe ta gaban taron masana, ya busa wa kyandir, wutar ta mutu, don a ga ba ta da dafi, ba ta kama wuta. Ita aka riƙa ɗura wa injin sanyaya mota. In ta tsiyaye ba mai damuwa, sai a ƙara wata.

Shan-inna ya kama shi a 1940. Ya rasu a 1944, igiyoyin da ya ƙaga don ɗaga kansa daga gado suka shaƙe shi.

Sai a 1974 masana biyu, Molina da Rowland, suka nuna iskar nan tana cin rufin sama, watau ozon, mai tare mana mugun hasken rana. Ƙasashe suka yi yarjejeniya a Montreal a 1987 don rage yin ta, motoci suka koma wata iska.

Saboda haka mu kan ga makanikin kirki yana bin bututu da mahaɗi da kumfar sabulu, ko da rini mai ƙyalli, ya toshe kafa tukuna ya ɗura iska. Mu koya wa almajiranmu irin wannan hattara.