Marshal Mannerheim, Barden Ƙasar Finlan

An haifi Carl Gustaf Mannerheim a 1867, zamanin da Finlan ke ƙarƙashin Sarkin Rasha, ya kuwa yi wa Rasha aikin soja shekara 30. Amma da Tarayyar Sobiyat ta auka wa Finlan a 1939, shi ne ya ja ragamar mayaƙan ƙasarsa, suka yi kwana 105 suna gwabzawa cikin ƙanƙara. Finlan ta rasa wani yanki, amma 'yancinta ya tsira.

Ya zama Shugaban Ƙasa a 1944, ya rasu a 1951. Lambar jarumta mai sunansa, wadda ba ta duban muƙami, mutum 191 kaɗai suka same ta. Har yau sojojin Finlan na bikin ranar haihuwarsa, 4 ga Yuni.