COLIN CHAPMAN: MAƘERIN DA YA SA ƘARAMAR MOTA TA TSERE WA MANYA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Babban Mutum, can a ƙasar Daura, ya san abin da rairayi yake yi wa babbar mota. Sai ka ga gingimari ta sha lodi, ga inji mai ƙarfi, amma ta kafe tana ta gurnani, ƙaramar akori-kura kuwa ta zo ta raɓa ta, ta wuce abinta. Direbobi sun san dalili, watau nauyi. To, a kan wannan sani ne wani Bature mutumin Ingila, marigayi Colin Chapman, ya ɗora dukan aikin rayuwarsa. Shi ne ya kafa kamfanin motoci na Lotus, shi ne kuma ya ƙera ƙaramar motar da ta sauƙaƙa wa ma'aikaci mai matsakaicin albashi shiga tseren mota, wasan da galibi aka san shi da masu hannu da shuni.

An haife shi ran 19 ga watan Mayu, 1928, a Richmond, kusa da Landan. Mahaifinsa yana riƙe da wani otel a unguwar Hornsey ta arewacin birnin. Ya yi karatun injiniya na gine-gine a Jami'ar Landan, inda ya koyi lissafin yadda ƙarfe ke ɗaukar kaya. A can ne kuma ya koyi tuƙin jirgin sama, har ya yi ɗan gajeren aiki a rundunar mayaƙan sama ta Ingila, sa'an nan ya kama aiki a wani kamfanin alminiyum. Waɗannan abubuwa uku sun bi shi har ƙarshen ransa, domin maƙerin jirgin sama ba ya yarda ya ɗora ko da ƙusa ɗaya wadda ba ta da aiki.

MAFARIN AL'AMARI

Tun yana ɗalibi yake sayar da tsofaffin motoci don ya sami na kashewa. Cikin 1947 gwamnatin Ingila ta soke rabon man fetur na motocin gida, kasuwa ta mutu, aka bar shi da wata tsohuwar Austin Seven ƙirar 1930 wadda ba mai so. Maimakon ya yi asara, sai ya ja ta zuwa wani ɗan gareji a bayan gidan iyayen budurwarsa, Hazel Williams, wadda ya aura a 1954. Ya kwance bodin ya jefar, ya yi mata sabo da falankin katako da alminiyum. A 1948 motar ta fito, ya raɗa mata suna Lotus.

Wasan da ya fara shiga da ita ba na ƙwararru ba ne. A Ingila akwai ƙungiyoyin masu sha'awar mota, malamai da akawuna da makanikai, waɗanda kan taru ran Asabar ko Lahadi su yi gasa ba don kuɗi ba. Wani lokaci tudu mai taɓo za a sa su hau, wanda ya fi nisa kafin ya kafe shi ya ci. Wani lokaci kuma, a wasan da suke kira otokuros, fili ake samu a shata hanya mai yawan kwana, a auna wa kowa lokacinsa da agogo. A Ingila bisa ciyawa ake yinsa, a Amurka kuwa bisa kwalta, a jera alamun roba, mota ɗaya ta shiga bayan ɗaya. A irin wannan fili ba a samun miƙaƙƙiyar hanyar da babban inji zai nuna ƙarfinsa. Kwana ce da birki daga farko har ƙarshe.

Nan Chapman ya gane abin da ya zama aƙidarsa. Ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake da amfani, amma ragin nauyi yana da amfani ko'ina. Mota marar nauyi ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa, ta fi bin sitiyari a kwana, ba ta kuma cin taya da birki da mai. Ga mai albashi, wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, don shi zai sa ya iya komowa fili mako mai zuwa. Masu tseren dawaki a ƙasar nan sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a ɗora ƙato a kan dokin sukuwa.

A 1950, a filin tsere na Silverstone, ya tuƙa motarsa ta biyu ya kayar da wata Bugatti, motar da sunanta kaɗai kan firgita abokan gasa. A 1951 motarsa ta uku ta addabi gasar ƙungiyar masu ƙananan Austin, har mutane suka fara roƙonsa ya ƙera musu irinta. Ran 1 ga watan Janairu, 1952, ya kafa kamfanin Lotus a cikin tsohuwar bargar dawaki da ke bayan otel ɗin mahaifinsa. Da rana yana wurin aikin albashi, da dare yana barga.

MOTAR MAI ƘARAMIN ƘARFI

Motarsa ta shida ita ce ta farko da ya sayar da yawa, fiye da 100. Ƙashinta na siraran bututun ƙarfe ne da aka sarƙa kamar gadar jirgin ƙasa, nauyinsa kilo 25 kacal. A 1957 ta haifi Lotus Seven, wadda ta fi dukan sauran suna a wurin 'yan sha'awa. Kujera biyu gare ta, babu ƙofa, babu wani ƙawa, injinta kuwa ƙaramin Ford ne mai ƙarfin doki wajen 40. Nauyinta bai wuce rabin tan ba, alhali Peugeot 504 da muka sani ta haura tan guda.

Ya kuma yi wata dabara. A lokacin, dokar Ingila ba ta ɗora harajin saye a kan motar da aka sayar a wargaje. Saboda haka sai mai saye ya karɓi kayan gunduwa-gunduwa ya haɗa da hannunsa, ya biya kusan rabin kuɗin haɗaɗɗiya. Mutum kan je ofis da ita ran Juma'a, ya shiga gasa ran Lahadi, in ta lalace ya gyara da kansa, tun da shi ya ɗaura kowane noti.

NASARA DA JUYAYI

Daga 1958 Lotus ya shiga gasar duniya ta ƙwararru, watau Formula One. A 1962 Chapman ya fito da motar da jikinta shi ne ƙashinta, kamar jirgin sama, sauran kamfanoni duk suka bi sawu. Jim Clark ya ci kambin duniya a 1963 da 1965, ya kuma ci babban tseren Indianapolis na Amurka a 1965. Graham Hill ya ci a 1968, Jochen Rindt a 1970, Emerson Fittipaldi a 1972, Mario Andretti a 1978. Sau bakwai kamfanin yana ɗaukar kambin maƙera a zamanin Chapman.

Amma ragin nauyi yana da iyaka, kuma an sha zarginsa da ƙetare ta. A 1969, a ƙasar Sifen, fukafukan da aka kafa wa motocin Hill da Rindt suka karye ana cikin tsere, dukansu biyu suka yi haɗari. Rindt ya rubuta masa takarda yana kukan cewa motocin ba su da ƙwari. Cikin Satumba 1970 Rindt ya mutu a Monza ta ƙasar Italiya wajen gwaji, aka ba shi kambin bayan ransa. Kafin wannan, Clark, wanda Chapman ya ɗauka tamkar ɗan'uwa, ya riga ya mutu a cikin Lotus a Hockenheim ta Jamus ran 7 ga watan Afrilu, 1968. Har yau masana ba su daina muhawara a kan rabon laifin ƙira da rabon haɗarin wasan kansa ba.

Ƙarshen ransa ma bai rasa tabo ba. Lotus ya karɓi aikin tsara motar DeLorean, wadda gwamnatin Ingila ta zuba wa kuɗin jama'a don a sami aikin yi a Belfast. Kamfanin DeLorean ya rushe a 1982, bincike kuma ya nuna miliyoyin fam sun salwanta. Ana cikin haka ciwon zuciya ya kashe Chapman ran 16 ga watan Disamba, 1982, yana da shekara 54. A 1992 aka ɗaure babban akantan Lotus, Fred Bushell, shekara uku, alƙalin kuwa ya nuna cewa da Chapman yana da rai, da ɗaurinsa ya fi haka nesa.

ABIN DA YA BARI

A 1973, da tsarin haraji ya sake, Chapman ya sayar wa kamfanin Caterham izinin ƙera Seven, kuma har yanzu ana ƙera ta, ana shirya wa sababbin shiga gasa da ita. Motarsa Elan ta 1962 ita ce abin koyin Japanawa sa'ad da suka fito da Mazda MX-5 a 1989, wadda aka ƙera fiye da miliyan guda, ta kuma cika filayen 'yan sha'awa a Turai da Amurka.

Kambunan da ya ci sun shiga littattafan tarihi, shari'ar DeLorean ma haka. Amma duk Lahadin da wani malami ko akawu ya ja ƙaramar motarsa zuwa fili, ya tsaya yana jiran a danna agogo, aikin da aka fara a bargar Hornsey ne yake ci gaba.