Herbert Dingle (1890–1978): malamin da ya juya wa ka'idar Einstein baya

An haifi Herbert Dingle a Landan a 1890, ya tashi a Plymouth. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya kama aikin akawu, sai a 1915 ya sami gurbin karatu a Imperial College. Daga baya ya zama farfesa, har ya shugabanci ƙungiyar masana taurari ta Ingila daga 1951 zuwa 1953.

A 1922 ya rubuta littafin Relativity for All, inda ya sauƙaƙa wa jama'a ka'idar Einstein, wadda ta ce tafiyar lokaci ta danganta da motsin mai aunawa. Sai ga shi wajen 1956 ya fara jayayya, har ta kai shi ga cewa ginin ba shi da tushe. Hujjarsa ita ce: agogo biyu suna gudu, kowanne yana nesantar ɗan'uwansa, ka'idar kuma ta ce kowanne zai ga ɗayan yana latti. To, wanne ne mai lattin? Ya yi ta kai ruwa rana da William McCrea a mujallar Nature, a 1972 kuma ya fitar da Science at the Crossroads yana zargin masana da toshe kunne.

Ni kaina, ina ɗalibin injiniya, tambayar ta hana ni barci. Sai da na zauna da biro da takarda na ga inda ya zame. Ya ɗauka "yanzu" ɗaya ce ga kowa, alhali abubuwa biyu da suka faru lokaci guda a wurin wani, a wurin mai gudu ɗaya ya riga ɗaya. Kowane agogo da nasa ma'aunin, don haka babu karo.

A 1971 Hafele da Keating suka zagaya duniya a jirgin sama da agogon atom, sakamakon ya dace da lissafin Einstein. Agogon tauraron GPS da ke nuna mana hanya a waya yana latti da kusan kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa kullum saboda gudu, ya kuma yi sauri da kusan kashi 45 saboda nisansa da ƙasa. Sai an gyara wannan ake samun daidai.

Dingle bai sauka daga ra'ayinsa ba har ya rasu a Hull a 1978.